Wayar da Yaya Haladu Ya Ɗauka Tsaraba

HALADU: Salamu alaikum. Murja? Ke autar Inna, ɗaga murya, ina tsakiyar kara.

ZAYYAD: Wa alaikumus salam. Yaya, ni ne, Zayyad. Wayarta na ara.

HALADU: A'a, Baturen gidanmu! Yau an tuna da mu ke nan.

ZAYYAD: Ina wuni, Yaya? Ya kasuwa?

HALADU: Lafiya lau. Kasuwa sai godiya.

ZAYYAD: Ya Maigatarin? Ya su Anti Talatu da yara?

HALADU: Kowa lafiya. Ya Gumel ɗin? Ya jikin Inna?

ZAYYAD: Da sauƙi. Ta ɗan sha koko da safe.

HALADU: Maganin fa, ka ba ta?

ZAYYAD: Murja ta ba ta.

HALADU: Murja ta ba ta. Madalla. Kai Manu! Ja bijimin nan gefe kafin ya soke mutum! Ina jin ka.

ZAYYAD: Yaya, maganar wayata ce.

HALADU: Wace wayar taka?

ZAYYAD: Wadda ka ɗauka ranar da na sauka.

HALADU: Au, tsarabata? Kai da hannunka ka zazzage jaka a tsakar gida. Kawu ya ɗauki rigar sanyi, Talatu ta ɗauki turare, ni na ɗauki waya na ce an gode, Allah ya ƙara buɗi. Ka ce uffan?

ZAYYAD: A gaban su Kawu zan ce wa yayana ajiye?

HALADU: To ka gani.

ZAYYAD: Riƙe ta, na bar maka har abada. Lambar ogana kawai nake so. Na gwada shiga imel ɗina ta wayar Murja, sai su ce sun tura wasu lambobi wayar da ke hannunka. Komai nawa yana cikinta. Hello? Yaya?

HALADU: Sabis ne. Ka ce me?

ZAYYAD: Na ce wata mai kamawa za a yi tseren mota na ƙarshe na bana a Bahrain, yanzu suke nema wa ma'aikata biza. Bana ba kamar kullum ba ce, Yaya. Bana tseren awa ashirin da huɗu na Faransa ya cika shekara ɗari, ga shi motarmu na gaba a ajinmu. In muka gama lafiya a Bahrain, kofi namu ne.

HALADU: Naku. Kai ke tuƙawa?

ZAYYAD: Ka san direbobi uku ne suke karɓa-karɓa, mota ba ta hutawa. Ni nake cire taya in ɗaura sabuwa in ta shigo.

HALADU: Mai faci dai.

ZAYYAD: Ba faci ba ne! Kafin ka gama atishawa na—

HALADU: Shekara bakwai a Turai, an dawo mana da mai faci. Akwai ɗan'uwanka a Gagarawa Tasha, gindin darbejiya, bai taɓa shiga jirgi ba. Shi ma Baturen naka haka ya cika ni da surutu shekaranjiya, kofi, kofi.

ZAYYAD: Wane Bature?

HALADU: Manu, wancan ƙahon a ɗaure shi da kyau!

ZAYYAD: Yaya! Wane Bature? Ya kira?

HALADU: Kullum sai ya kira. Da na gaji na ɗaga.

ZAYYAD: Innalillahi. Ba ka jin Faransanci, me ka ce masa?

HALADU: Allah ya kawo Ilu. Ka san Ilu, dillalin nan na Damagaram da rufe boda ya ritsa da shi a nan. Shi ya yi mana tafinta, tsaf.

ZAYYAD: Me ka ce masa?

HALADU: Na ce ni ne babban wansa, ni ne uban gidan yanzu. Na ce mun gode da riƙon da aka yi wa yaronmu, amma ya dawo gida ke nan. Akwai tsohuwa a kwance, akwai riɗi a gona ba a yanke ba.

ZAYYAD: Da bakin wa? Wa ya aike ka?

HALADU: Sai an aike ni? Maganar aurenka in ta zo, wa za a tambaya? Maganar gona, wa za a tambaya? Sai ta faci ce za a tsallake ni?

ZAYYAD: Hutu suka ba ni bayan tseren Japan, hutu! In zo in yi gaisuwar Baba in koma!

HALADU: Gaisuwar Baba. Wata uku da binne mutum.

ZAYYAD: Na gaya maka ba a barin aiki a tsakiyar—

HALADU: Ranar Asabar ɗin nan na kira ka har wayata ta yi zafi. Yana numfashi sama-sama yana cewa a ba shi Zayyad.

ZAYYAD: Ranar ce ranar tseren, Yaya. Ba a shiga gareji da waya, a akwati ake kulle ta har a tashi. Wallahi sai Lahadi da yamma na gani.

HALADU: Lahadi da yamma mun dawo daga maƙabarta har an share zaure. Ni na riƙe masa kai. Da ya ƙara tambaya na kara masa wayar a kunne, ba kowa a ciki, na ce ga shi nan yana jin ka. Ya yi ta sa maka albarka, kana can kana murza noti.

ZAYYAD: Ba ka taɓa gaya min wannan ba.

HALADU: Yanzu na gaya maka. Ka ji daɗinsa?

ZAYYAD: Wayyo Baba.

HALADU: Hello? Kuka kake? A wayar mace? Kar ka jiƙa mata.

ZAYYAD: Baƙin ciki kake da ni, shi ke nan. Kai duk duniyarka daga kara zuwa Legas a kan bayan shanu, kana warin kashi. Ba ka so a ce ƙaninka ya taka inda ba ka taka ba.

HALADU: Yauwa. Fito da shi.

ZAYYAD: Ba haka nake nufi ba.

HALADU: Haka kake nufi. Mai warin kashin ne ya yi shekara biyu yana ɗaga ubanka zuwa bayi. Yanzu saura uwarka, kuma layi ya zo kanka. Ba karɓa-karɓa ka ce kuna yi ba? Na sauka, hau.

ZAYYAD: Yaya, don Allah, don darajar iyaye. Sati biyu kawai. Ana gamawa zan dawo, in zauna da Inna har damina.

HALADU: Haka ka ce wancan karon. Wata shida ka ce.

ZAYYAD: Shi ogan me ya ce? Bai ce komai ba?

HALADU: Ilu ya ce bai ma ja ba. Ya ce akwai wani yaro ɗan Maroko da ke riƙe musu tayar tun da ka taho, kuma hannunsa da sauri. Ya dai ce in kana da magana ka kira da bakinka kafin ya tashi ofis yau, in ba haka ba yaron zai sa.

ZAYYAD: Yau? Tun shekaranjiya ka sani kake zaune da ita? Har an yi azahar, Yaya!

HALADU: Kasuwa ce ta sha min kai.

ZAYYAD: Karanto min lambar. Murja, biro! Ba ni biro! Tana ƙarƙashin Patron, haka na sa wa ogan suna, da harafin P.

HALADU: Bari in laluba. Idon nan nawa na mai shanu. To, ga wata alama kamar kuros. Uku. Uku.

ZAYYAD: Na rubuta. Ci gaba.

HALADU: Shida. Alhaji, barka da kasuwa! Ya iyali? Ya ƙafar, ta saki? Kai, madalla, a gaida su.

ZAYYAD: Yaya!

HALADU: Ina na tsaya? Shida. Sai huɗu, ko tara ce? Rana ta haske gilashin.

ZAYYAD: Shiga inuwa mana! Ko ka dakata, yanzu zan hau mashin in zo Maigatarin, ba nisa.

HALADU: Kar ka wahalar da kanka, an gama lodi, direba har ya tayar. Legas muka nufa, ni ma yau tseren kwana zan yi, ba mai canza min taya. Kuma kashe wayoyin nake a hanya, saboda caji.

ZAYYAD: Saura lamba bakwai kawai, Yaya! Bakwai! Ka karanta kana hawa!

HALADU: Hannu biyu ake kama tirela. Ran Talata in na dawo sai in ƙarasa maka. Da la'asar a juya Inna ɓangaren hagu, bayanta ya fara ciwo. Kai za ka juya ta, ba Murja ba.

ZAYYAD: Yaya Haladu! Yaya, don girman Allah—

HALADU: Manu, miƙo hannu. Mu je!