Shebur Don Gwabar Maigida

A rumfar kayan gini, wata mata ta tsaya riƙe da shebur biyu, ta rasa na ɗauka.

Mai rumfar ya ce, "Hajiya, mai faɗin na kwasar yashi ne, mai tsinin na haƙa. Me za ki tona?"

"Bishiyar gwaba. Mun tashi, gobe za a rushe gidan."

"Ai gatari za ki saya."

"Haba Malam! Da ranta nake so. Marigayi maigidana ne ya shuka ta."

"Allah Ya jiƙansa." Ya sosa ƙeya. "To ɗauki mai tsinin, a zagaye saiwar da nisa. Ina za ki dasa ta?"

Ta jima tana kallon shebur ɗin.

"Saman bene muka koma," ta ce. "Ba ni shi dai."