Auta Ta Hau Tarakta

AUTA: Salamu alaikum. Yaya? Yaya, kina ji na?

YAYA: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

AUTA: Haba Yaya, ƙanwarki guda ɗaya a duniya, yau ita ce wa ke magana?

YAYA: Auta ce? Ai muryar ce na ji tana haki kamar wadda aka biyo. Lafiya?

AUTA: Lafiya lau. Ina wuni? Ya gida, ya yara?

YAYA: Lafiya ƙalau. Ya gajiya?

AUTA: Ba gajiya. Ya birni? Ya maigidan naki, Yaya Dogo?

YAYA: Yana lafiya. Ya Inna? Tarin nan ya sake ta?

AUTA: Da sauƙi sosai. Tana can tana faɗa da kajin maƙwabta, kin ga kuwa ta warke.

YAYA: Madalla. Baba fa, ya kafaɗar tasa?

AUTA: Tana nan yadda kika sani, hannun ba ya wuce kunne. Laujen yankan kwakwar manjan nan mai doguwar gora yana jingine a bayan ƙofa, kullum sai ya wasa shi ya mayar.

YAYA: Allah ya ba shi lafiya. To maganar ɗakin fa? Tun ranar da kika kira ni kina kuka ban ƙara samun barcin kirki ba. Heluma, shugaban leburorin nan, ya sake zuwa?

AUTA: Ya zo mana. Wai kwatas na ma'aikatan gona ne, gidan da ba shi da ma'aikaci ya tattara kafin ƙarshen wata. Na ce masa ni fa? Ya ce masu tsintar 'ya'yan kwakwa ba ma'aikata ba ne, 'yan taya aiki ne. Amma Yaya, bar wannan, zauna tukuna in…

YAYA: Kina yankewa. Me kika ce?

AUTA: Bari in matsa wajen tankin ruwa, nan ne sabis yake. Yanzu fa?

YAYA: Yauwa, na ji ki.

AUTA: An ba ni tarakta.

YAYA: An ba ki takarda? Ta tashi?

AUTA: Tarakta, Yaya! Mai taya huɗu! Ni ce direba!

YAYA: Ke Auta, ba na son wasan banza. Ke da ko keke sai an riƙe miki?

AUTA: Wallahi tallahi. Ga hular kwano a kaina yanzu haka, na ƙi cire ta. Inna ta ce in ban cire ba za ta jiƙa wanki a ciki.

YAYA: Ikon Allah. Garin yaya?

AUTA: Kin dai san yadda gonar ta koma. Samari duk sun gudu birni, layinmu daga tsofaffi sai mata. Kwakwa ta nuna a sama ba mai yanka, wadda aka yanko ba mai kwashewa, tana ruɓewa a ƙasa har tsami yana shigo mana ɗaki. Injin matsar manja yana wuni a kashe. Manaja ya rame, wandonsa sai da ya ƙara wa bel huji.

YAYA: Ke dai ba ki da dama.

AUTA: Shi ne kamfani ya kawo wasu ƙananan taraktoci, kowace da tirela a baya, da wani hannun ƙarfe mai yatsu. Kina zaune a kujera ki ja sanda, hannun ya miƙa ya cafki kan kwakwa ya jefa a tirela. Ba ƙaya, ba sunkuyo. Aka ce mai son koyo ya fito. Kin san su wa suka fito?

YAYA: Su wa?

AUTA: Ni, da Uwar Biyu, da tsohon nan mai gadin sito da ba ya gani sosai. Malamin da kamfani ya turo ya dube mu, ya dubi manaja, ya ce ina sauran? Manaja ya ce sauran suna birni.

YAYA: Oh ni. Kuma duk wannan ba ki gaya mini ba?

AUTA: Ko Inna ban gaya wa ba. Tsoro nake in faɗi, a mayar da ni abin dariyar layi. Sai in ce zan je tsinta, in zagaya ta bayan sito. Kuloci ya ba ni wuya, Yaya, tarakta tana tsalle da ni kamar akuya. Yau kuma aka yi gwaji, kuma saura kaɗan in yi kisan kai.

YAYA: Subhanallahi. Wa kika taka?

AUTA: Tsaya ki ji. Na shiga layin bishiyoyi lafiya lau, na cafki na farko, na cafki na biyu, manaja yana gyaɗa kai. Sai idona ya faɗa kan 'ya'yan da suka zube a gindin bishiya, jajawur, sun yi tsibi. Kin san tun muna yara Inna ta hore mu, ba a wuce ɗan kwakwa a ƙasa. Wallahi ban san lokacin da na diro na tsuguna ba. Ina ta tsinta ina zubawa a bakin zani.

YAYA: Tarakta fa?

AUTA: Ban ja birki ba. Na ɗaga kai na ga ta kama hanya ita kaɗai, hannun nan a buɗe, ta nufi Heluma.

YAYA: Wayyo cikina! Heluma da tumbinsa?

AUTA: Ashe yana da gudu. Ya faɗa kwalbati, takalmi ɗaya a nan ɗaya a can. Ni kuma ina bin ta ina cewa tsaya, tsaya, kamar tana da kunne, hannu ɗaya na riƙe da zani don kada tsintuwata ta zube. Da ƙyar na ɗare na take birki.

YAYA: Kuma suka ɗauke ki a haka?

AUTA: Malamin ya yi dariya har da hawaye. Ya ce in sake. Na sake, na cika tirela na kai bakin titi na juye, ko ɗaya bai faɗi ba. Manaja ya ce daga gobe ni ma'aikaciya ce cikakkiya, ɗaki ya koma sunana. Yaya, ba inda za mu. Baba zai ci gaba da zama a ƙofarsa.

YAYA: Alhamdu lillahi. Kai, alhamdu lillahi. Baba me ya ce?

AUTA: Ya karɓi hular ya jujjuya ta, ya sa mini da hannunsa mai lafiya, ya shige ɗaki. Inna ce ta ce kuka ya je yi.

YAYA: Allah sarki Baba. To ai abin ya zo daidai, an samu ma'aikata biyu a gida ɗaya.

AUTA: Biyu? Ni da wa?

YAYA: Da Yayanki Dogo mana. Ni ma ɓoye miki na yi, so nake ki gan mu kwatsam. Ba ke kika ce in ya dawo ya kama turin baro kamar da, ɗakin zai tsira ba? Na yi ta fama da shi, yana cewa aikin gadin nan da wuya ya same shi. Jiya dai ya ajiye. Muna cikin mota yanzu haka, mu da yara da katifa.

AUTA: Ya ajiye aikin? Ajiyewa ta gaba ɗaya?

YAYA: Har an sa wani a gurbinsa. Ki gaya wa Heluma in ya fito daga kwalbati, ga mai baro nan tafe.

AUTA: Yaya…

YAYA: Mene ne? Sabis ɗin ne?

AUTA: Babu baro kuma. Aikin masu baro shi ne wanda nake yi da hannun ƙarfen nan. Da yamman nan aka tara barukan aka kulle a sito, ni ma na kai su a tirela.

YAYA: Ba kin ce ba mutane ba? Ba kin ce har roƙo suke ba?

AUTA: Masu yanka suke nema, tarakta ba ta kaiwa sama. Shi kuwa Yaya Dogo bai taɓa riƙe gora ba, kuma kin san ba abin da ake koya a sati ba ne. Baba ma a kanta kafaɗarsa ta tafi. Ku sauka a tasha ta gaba, ya kira maigidansa ya ba shi haƙuri, wataƙila…

YAYA: Mu sauka mu koma ina? Mun mayar wa mai gida makullinsa da safe.

AUTA: Da na sani na gaya miki tun ranar da na fara.

YAYA: Yi shiru, ga shi ya farka. Wai in tambaye ki ko za ki sa baki a zaɓar masa baro mai tayar kirki, na da can yana ja gefe. Auta, me zan ce masa?

AUTA: Ki ce masa… Yaya, katina ya kusa ƙarewa, ki ce masa ni zan…

YAYA: Za ki me? Auta? Halo, Auta? … A'a, katinta ne ya ƙare. Ba komai, koma barcinka. Cewa ta yi suna gaishe ka.