Shawarar da Ta Hana Biskit Karyewa

Ranar Talata ana yayyafi, na fake a rumfar tasha. Wani mai rigar kamfanin biskit ya tsaya gaban tsohuwa mai tebur.

"Ɗan nan, mai yin biskit da sayen biskit?"

"Bakina ya ja min, Inna. An ce kowane ma'aikaci ya kawo shawara. Na ce a shimfiɗa soso inda biskit ke faɗowa daga inji."

"Bai yi ba?"

"Ya yi mana! Yanzu ko ɗaya ba ya karyewa. Karyayyun kuwa a da mu ake ba, mu kai wa yara."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Me aka ba ka?"

"Hula da tafi."

"Me ka rasa?"

"Leda biyu duk sati, abokai huɗu, da oyoyon 'yata."