Ranar da Na Wanke Hunhunar Dakta

Naira goma sha huɗu na ƙulle ga bakin zanena ranar da na bar Argungu. Tunkiyata na sayar, da tasoshi biyu na aurena, sannan innata ta ƙara mini da abin da ta tara na ƙuli-ƙuli. Ke Saratu jikata, aje wuƙar nan da kifin ki zauna. Kankarar da na ga kina yi masa ita ta tuno mini da wanga labari, kuma ba za a aza tukunya ba sai kun ji shi.

Lokacin duk Sakkwato muke, ko takardar haihuwa can ake kai ta. Kakanku ya rasu, jirginsa ya ruɓe a bakin gulbi, shekara biyu ruwa bai hau fadama yadda ya saba ba, shinkafarmu ta Gulma ta ƙone tsaye. Babanku Umaru ya fara tasawa, ya iya jefa birgin kamun kifi, amma kullum a jirgin wani, ya yini cikin ruwa a sallame shi da 'yan ƙarfasa uku. Na ce ɗan masunci ba zai tsufa yana bara a jirgin mutane ba. Na yi rantsuwa gaban innata ba zan dawo garin nan ba sai da kuɗɗin jirgi. Kada ku riƙa saurin rantsuwa, nauyi gare ta.

Yayana Mamman yana gadi a Ikko, wato Legas. Da ya zo Sallah na ce ya tafi da ni. Ya ce, "Kulu, can ba wurin mace ba ne." Na ce, "To matan can a ina suke zaune?" Sai ya yarda. Munka hau motar albasa daga Birnin Kebbi, kwana uku bisa buhu. Har yau in na ji warin albasa ƙuguna ke fara amsawa.

Ɗakin da Mamman ya kama mini, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Mai gidan wata ƙatuwar mata ce, wai ita lallodi. Washegarin zuwana na ɗebi ruwa a famfo, sai ga ta ta miƙo hannu.

Na ce, "Yaya, mi take so?"

Ya ce, "Kuɗɗin bokiti."

"Bokitina ne."

"Na ruwan da ke ciki."

Na ce, "Gaya mata garinsu ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Mu da ke da gulbi ɗaya ba mu taɓa sayar wa baƙo ba."

Ban san abin da ya gaya mata ba, na dai ga ta yi dariya, na kuma biya.

Inda Mamman ke gadi wani gida ne na binciken kifi a bakin ruwan gishiri. Gwamnati ta tara mutane masu fararen riguna tana biyansu don su duba abin da ke damun kifi. Mu a nan in kifi ba shi da lafiya sai mu ce Allah ya sawwaƙe. Akwai tafkunan siminti a bayan gidan cike da 'yan kifaye da jatan lande, wanga abu mai gashin baki awa fara, wanda mutanen can suke ci suna lashe hannu. Ni ban taɓa sa shi a baki ba. Anka ɗauke ni kilina, wato mai shara da wanke-wanke, a wani ɗaki da suke kira labbatare.

Mai ɗakin mace ce, Dakta. Bayarabiya ce amma a Gusau ta tashi, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, don haka tana jin Hausa, sai dai karkatacciya. Ba ta duba mutum ko ɗaya, kifi kaɗai. Ƙarƙashinta akwai Sande, shi ke nuna mini abin da zan wanke da wanda zan bari. Mutum ne mai son a ce masa oga. Na ce masa oga sau ɗaya don a zauna lafiya.

Wata biyar ina aiki ba wanda ya taɓa kuka da ni. Kwalaben da ke fitowa daga hannuna kana ganin fuskarka a ciki. Abu ɗaya ke ci mini rai. Akwai wani kabad a kusurwa mai hawa huɗu, in Sande ya buɗe sai wani wari ya bugo, irin na ɗakin da damina ta kwana a ciki. An manna takarda a ƙofarsa. Ni kuwa rubutu da sawun kaza duk ɗaya ne a wurina.

Ran nan Asabar, Dakta ta tafi cikin ruwa da masunta, Sande ya tafi garinsu biso, wato bikin mutuwa. Kafin ya fita ya ce da guntuwar Hausarsa, "Mama, duka datti, wanke." Na gama abin da ke gabana da wuri, na ce yau dai sai na ga abin da ke cikin kabad ɗin nan. Na buɗe. 'Yan faya-fayai ne na gilas masu murfi, jere reras, cikin kowane akwai abu kamar kunun da ya daskare, bisansa hunhuna ta yi gashi. Ta hawan sama fara sol awa auduga, ta biyu kore, ta uku baƙa, ta ƙasa ruwan ɗorawa. Na ce a raina, ashe duk farar rigar nan ƙazanta ce a ƙarƙashi. Mace da iliminta ta ci abinci ta tura kwanoni cikin kabad har su ruɓe.

Na ɗaura ɗamara. Na bi su hawa-hawa, na kankare, na wanke da ruwan zafi da sabulu, na goge har 'yan rubuce-rubucen da ke bisa murafun, na mayar na jera. Da na tsaya na dube su suna ƙyalli, wallahi har na ji a jikina za a ƙara mini albashi.

Litinin da safe ina shara Dakta ta buɗe kabad. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya riƙe da ƙofar, sannan ta ja kujera ta zauna.

Ta ce, "Wa ya taɓa nan?"

Na ce, "Ni ce, ranki ya daɗe. Ba sai kin gode ba."

Sande ya aza hannu biyu a ka.

Ta ce, "Mama Kulu, kin san abin da kika wanke?"

"Ƙazanta."

"Aikina ne na shekara ɗaya da rabi."

Sai ta yi mini bayani a hankali. Wai hunhunar nan shuka ta take yi da gangan, kamar yadda muke yafa irin shinkafa. Ta bi ruwaye da kasuwanni tana tsinto ta. Farar daga jikin kifaye marasa lafiya ta ciro, ita ke kashe su a tafki, tana neman abin da zai kashe ta. Sauran daga busasshen kifin kasuwa, tana son ta gane wace ce ke barin dafi a cikin nama. Sunanta wai hwangas. Na ce mu hunhuna muke ce mata, kuma ba mu ajiye ta a kabad.

Sande ya ce shi bai ce in taɓa ba. Na ce, "Kai ka ce duka datti." Ya ce ga takarda a ƙofa. Na ce, "Takardar ta yi mini magana?" Anka kira Mamman daga bakin ƙofa, don shi ya kawo ni. Ya shigo da hularsa a hannu, dattijo da furfurarsa, yana ba da haƙuri. Na san in anka kore ni har shi za a haɗa. Kuɗɗin da na tara ko rabin jirgi ba su kai ba. Na ga kaina ina sauka daga motar albasa hannu rabbana, innata na kallona, Umaru na komawa jirgin mutane. Ban yi kuka ba, ban saba ba.

Muna nan sai Dakta ta zabura kamar an tsikare ta. Ta dubi wurin wanke-wanke, ta dubi taga. Ashe ruwan da ke fita daga nan ta wata kwata yake bi, kwatar kuma ta gefen tafkunan take wucewa, in anka yi ruwan sama har tana malala ciki. An kuwa yi ruwa ranar Lahadi.

Ta ce, "Abin da kika kankare, nan kika zuba?"

Na ce, "Ni? In zuba ruɓaɓɓen abu a ruwa?"

"To ina yake?"

Nan fa na ji haushi ya taso mini ya danne tsoron. Na ce, "Ranki ya daɗe, ubana masunci ne, ubansa masunci ne. In kaka ta yi ruwa ya janye, kifin da ya maƙale a tabki yakan yi wanga farin gashi a jiki. Babana ba ya ci, ba ya sayarwa, ba ya mayarwa gulbi. Tudu yake hawa ya gina rami ya rufe. Ya taɓa marina don na jefa matacciyar tarwaɗa cikin ruwa. Abin da ya ruɓe ba a ba ruwa shi. Rufe shi na yi."

"Ina?"

"Gindin mangwaro, bayan ɗakin gadi."

Mamman ya ɗauko fartanya, munka ɗunguma har da Sande da takalminsa mai ƙyalli. Da hannuna na tono. Gwangwanin madara ne babba mai murfi, a ciki ƙunshi huɗu na tsohuwar jarida. Ba don wata dabara na raba su ba. Hawa-hawa na yi aikin, in na gama hawa ɗaya sai in ƙunshe in aje, don ni ba na aiki a hargitse.

Dakta ta sa safar hannu ta buɗe na farko. Abin ya ƙara gashi, ya yi kyau abinsa. Ta durƙusa a ƙasa da farar rigarta tana kallonsa kamar an miƙo mata jinjiri.

Ta ce, "Amma kin goge rubutun. Yaya zan san wanne ne na ina?"

Na ce, "Wanga na sama ne, faya-fayai tara, biyu na hagu sun fi sauran gashi. Wanga na biyu ne, guda bakwai, ɗaya murfinsa ya tsage." Na bi su duka na faɗa mata. Ta aiki Sande ya ɗauko littafinta, tana dubawa tana ɗaga kai tana kallona.

Sande ya ce, "Mama ba ta karatu, yaya ta riƙe?"

Na ce, "Don ba na karatu. Kai da ka ba takarda ajiyar hankalinka, ga inda ta kai mu."

Ba duka anka samu ba, kada in yi muku ƙarya. Baƙar ta haɗu da ƙasar da ta shiga gwangwanin ta lalace, sai da Dakta ta sake bin kasuwanni wata uku, ni ke riƙe mata kwando ina nuna mata bandar da anka shafa wa mai don a ɓoye ruɓa. Sauran ukun ta tsince su da ɗan tsinke ta sake shukawa, sunka tsiro. Kifin tafki ko ɗaya bai mutu ba. An yanke mini albashin mako guda, na amsa laifina. Ta sa anka cire takardar ƙofar kabad anka ɗaura jan ƙyalle. Ta ce duk inda na ga ja, in wuce. Na ce da tun farko haka anka yi, da ba a tona gindin mangwaro ba.

A yawon kasuwar nan ne na tambaye ta abin da ke raina. Na ce mu a gida in banda ta yi hunhuna sai mu kankare mu shanya a rana mu jefa a miya, wuta ta kashe kome. Ta ce abin da ido ke gani fure ne kawai, saiwar tana cikin nama. Wata iri, musamman kore da ruwan ɗorawa, tana barin dafin da tafasa ba ta kashewa. Ba ya kayar da mutum ran da ya ci. Hanta yake ci a hankali, sai bayan shekaru a ga ciki ya kumbura a ce sammu ne. Sai na tuna yadda cikin kakanku ya yi kafin ya rasu. Ban ce shi ne ba, Allah kaɗai ya sani. Amma na san bandar da ba ta sayuwa ita muke ci a gidanmu, kuma ni ke kankarewa.

Shekara biyu da wata huɗu na yi. Ranar da zan taho lallodi ta ba ni bokitin ruwa kyauta in yi wanka, na ce ashe tana da imani. Na sauka Argungu ranar kasuwa, ban shiga gida ba sai da na biya wurin masassaƙa na zaɓi itace. Da anka tura jirgin cikin ruwa Umaru ya hau, na zauna a bakin gulbi na ji kamar an sauke mini buhun albasa daga ka. Innata ta ce, "To, rantsuwa ta fita." Na ce ta fita, kuma ba na ƙarawa. Jirgin nan shi ya ciyar da ku kafin a sayi wanda kuke gani yanzu.

To Saratu, miƙo kifin in gani. Kin ga koren nan a cikin cikinsa? Na san tarwaɗa ce babba, na san babanki zai yi ƙorafi, ki ce ni na ce. Yau miyar kuka da daddawa za a sha. Ɗauki fartanya ki hau bayan rumbu, kuma ki zurfafa ramin, kada kaji su tono.