Ina Neman Numfashi, Ana Yi Mini Hayaƙi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Hadiza ce daga Zinyau, kuma raina a ɓace yake.

Shekara biyu gabana yana faɗuwa ba dalili, numfashina ya sarƙe, in ji kamar mutuwa zan yi. Gwaggona sai ta lulluɓe ni da bargo, ta tura kaskon hayaƙi ciki, wai aljanu ne. Haba jama'a!

Likita ta ce ciwon firgici ne. Ta koya mini jan numfashi a hankali, da tambayar kaina: "Firgicin rannan ya kashe ki?" Na samu sauƙi.

Jiya na tarar Gwaggo ta lulluɓe ƙanwata, ita ma irin ciwon ya kama ta. Na fizge bargon, aka ce na yi rashin kunya.

Masu sauraro, haƙuri zan ba Gwaggo, ko kaskon zan fasa?