Waya a Tukunyar Fure

Halyna da jikarta Zlata 'yan gudun hijira ne, suna sayar da shayi a kasuwar Lviv. Ba su da wuta sai ƙaramin janareta, kuma Zlata ce ke kunna shi. Ran nan tana shirin kunnawa, wani dattijo ya tsaya yana kallon wayar janaretan da aka soke cikin tukunyar fure, ya dubi Halyna.

"Baiwar Allah, waya kike shukawa? Yaushe za ta yi 'ya'ya?"

"Cewa aka yi a haɗa ta da ƙasa, Baba. Ga ƙasa nan."

"Wannan 'yar loma? In wuta ta ɓalle, ta hannun yarinyar nan za ta bi."

"Kada ka raina ta. Daga bayan gidanmu na ɗebo ta, ran da muka fito."

Dattijon ya cire hula, ya sosa kai.

"To, bar ta ta riƙe furenta. Zan kawo rodi in kafa shi can ƙasa, mu ɗaure wayar. Ladana shayi biyu."

"Ɗaya, tsoho!"

Zlata ta janye hannunta. Ta gane cewa wuta hanya take nema zuwa ƙasa, in ba a ba ta ba, ta jikin mutum take bi.