Buhun Tafasa a Tashar Madawa

A tashar Madawa, wata tsohuwa da wani magidanci suna jiran motar zuwa garin Buza ta cika. Akwai buhu tsakanin ƙafafunsa.

"Ɗana, ƙamshin tafasa nike ji cikin buhun nan?"

"Tafasa ce da zogale, Inna. Na mahaifiyata ne. Ɓarin jikinta ya shanye. Likita ya ce bayan magani ta riƙa cin ganye da albasa, wai suna taimakon ƙwaƙwalwa."

"Allah shi ba ta lafiya. Mu da tafasa munka tashi. Da damina mu tsinko ta bayan gari, a dafa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, kowa ya sa hannu cikin akushi guda. Kakata har ruwan dahuwar take sha, kuma ta tsufa tana daka gero da kanta."

"Ai wannan abincin shekarun yunwa ne. Ni tun da na fara zuwa Abijan ba a sake ɗora tukunyar tafasa gidanmu ba. Shinkafa, makaroni, mai, komi aikowa nike."

"Ita ta ce ba ta so?"

"Ni na hana. Ɗanta na ƙasar waje, a gan ta tana cin haki kamar akuya?"

Tsohuwa ta dubi buhun. Can magidancin ya rage murya.

"Inna, yaya ake kwaɗa ta? Gidanmu ita kaɗai ta iya, kuma yanzu maganarta ba ta fita."

"Matso kusa, ɗana."